Usur ɗin da Na Bari a Mota

Na san abin da kuke faɗa idan ba na wurin. Gidan nan bai kai girman da magana za ta ɓace a cikinsa ba, kuma ƙafata ce ta gaza, kunnena yana nan garau. Kuna cewa marigayi babanku ya aike ni in taho da yayanku, na je na sha iskar teku wata guda na dawo hannu rabbana. Kuna cewa da Sani ne ko Hadiza, da ko a kunne ne sai na jawo su gida, amma shi da yake ban taɓa damuwa da shi ba, sai na baro shi can. Da fari na ce ban ji haushi ba. Ƙarya nake, na ji, har yau ina ji. Amma ba laifinku ba ne, abin da kuka gani da ido kuke faɗa, kuma ni ce ban taɓa buɗe baki na ba ku labarin abin da ya faru a kan dutsen nan ba. To ku zauna ku karanta, in kun gama sai ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama.

A Araba aka haife ni, uwata Bafillatana ce, kun dai san Inna da taurin kai. Aka kawo ni Illela gidan 'yan kasuwa, na haifi ɗan fari namiji. A yadda aka tashe mu, mace ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kama sunansa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na ga ana yi, kuma da na yi akasin haka da an ce 'yar Inna ba ta da kunya. Ranar da aka yaye shi Inna ta goya shi ta tsallaka da shi Ƙonni, inda take zaune lokacin. Can ya tashi cikin ƙannena, ya ji suna ce mini Adda, shi ma ya kama ce mini Adda. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce wancan, ko yaron Inna. In ya zo hutu, nama nake tura masa ƙarƙashin tuwo yadda ba mai gani, ban sani ba ko ya taɓa gane cewa da gangan ne. Akwai ranar da ya shigo da gudu, kwalba ta yanke shi a ƙafa, jini na zuba, yana kiran Adda, Adda. Tsakar gida cike da mata. Na juya na ce wa matar wan babanku a duba yaron can, na shige ɗaki na cusa gefen zane a baki na yi kukana. Shi bayana kawai ya gani.

Makarantar Faransanci ya yi a can, kansa kuma yana ja. Daga Ƙonni sai Yamai, daga Yamai aka tura shi karatun itatuwa da daji, daga nan muka ji wai yana wani tsibiri a tsakiyar teku, can bayan Madagaska. Sunan wurin ya fi ƙarfin bakina, tsibirin kawai nake cewa. Da aka tambaye shi aikin da yake yi, ya ce mutane yake kaiwa yawo cikin daji a kan duwatsu, a fita da safe a dawo da yamma, shi ne a gaba yana nuna hanya. Babanku ya ajiye kofin shayinsa ya ce a sake faɗi. Aka sake faɗi. Ya ce wato rakiya ke nan, rakiyar da muke yi wa baƙo kyauta har bakin tasha, ita ce ɗansa ya je bayan duniya yana sayarwa. A kasuwa har tsokanarsa ake yi, ana tambayar ko ɗan rakiya ya aiko da saƙo.

Shekarar da hawan jini ya kama wa babanku ɓarin jiki, ita ce shekarar da matar yayanku ta haihu, aka sa wa jaririyar sunana, ya aiko mini da takardun tafiya. Sau biyu kafin nan yana gayyatata ina ƙi. Wannan karon babanku ne da kansa ya ce in shirya. Rumbun hatsi da shagon kasuwa suna neman mai tsayawa, Sani kuma a ganinsa bai gama nuna ba. Ya kira ni ɗakinsa da hantsi, bakinsa a karkace, yana fitar da magana da ƙyar.

"Ki tai ki taho min da shi," ya ce. "Ni in na kira shi sai ya ce in Allah ya so. Ke ko ba ki taɓa roƙon shi komi ba. Ba shi iya ce miki a'a."

Na ce to. Ku riƙe wannan magana tasa, don a kanta komai ya tsaya.

Jirgi uku na hau kafin in isa. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba, ban da cewa ban ci komai ba sai dabinon da na ƙulle a gefen mayafi. Tsibirin kuwa, ni da na tashi inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, sai ga ƙasa a tsaye. Rake a gindi har bakin teku, sama da shi daji, sama da daji duwatsu, kan duwatsun kuma a cikin girgije. Ruwa na zubowa daga jikin dutse dare da rana, ba mai shi, ba mai tara ko bokiti. Na tuna matan ƙauyen Lafani, can wajenmu, da igiyar guga a hannu, raina ya ɓaci ba tare da na san wanda nake fushi da shi ba.

Matsalar da ban hango ba tun daga gida ita ce ta magana. Duk tsawon rayuwata, in ina son gaya wa yayanku abu, wani nake gaya wa ya gaya masa. A tsibirin nan kuwa ba mai jin Hausa sai ni da shi. Matarsa Maryama mutuniyar kirki ce, tana salla, tana durƙusa mini, amma da hannu muke hira. Sai na koma aika jaririya. In ɗauke ta in ce, takwara, ki ce wa babanki miyar nan ta yi gishiri. Shi kuma yana zaune nan gabana sai ya ce, ki ce wa Adda an ji. Mako biyu muna haka, 'yar wata uku tana kai saƙo tana kawowa. Saƙon babanku kuwa na kasa ba ta, ya yi mata nauyi.

Rannan ya ce wa jaririya ta tambayi Adda ko za ta zo ta ga aikin da ake yi wa dariya a kasuwar Illela. Ashe labari ya kai masa. Na ce ta ce masa ƙafar da ta yi tallan nono daga Araba zuwa Illela ba dutsen da zai ba ta tsoro. Ya sayo mini takalmi mai igiya irin na sojoji, na sa shi a ƙarƙashin zane, Maryama ta juya baya tana dariya.

Da sassafe muka hau mota, ta yi ta nannaɗe dutse har kaina ya juya. Inda hanyar mota ta ƙare muka tarar da mutanen da zai jagoranta, su tara, ni ta goma. Akwai tsofaffi, akwai wasu mata biyu masu jakar goyo. Ya tara su ya yi musu bayani da Faransanci, sannan ya juya gefe, yana kallon wata bishiya, ya maimaita da Hausa. Ya ce a dutsen nan girgije yana saukowa da rana tsaka ba sallama. Ya ce kada kowa ya bar hanya, wanda zai tsaya ko don ɗaure takalmi ne ya faɗa. In mutum ya ga ba ya ganin na gabansa, ya tsaya cak inda yake ya kira sunan jagora da ƙarfi. Ya ce akwai inda hanya ta rabu biyu kusa da wani rafi, ta hagun ruwan sama ya zabtare ta, ƙarƙashinta rami ne mai zurfi, ko shi ba ya bin ta. Salla kuma, ya ce wa bishiyar, akwai rumfa a sama, in an isa sai a yi.

Da ya gama sai ya zo ya ajiye wani abu a kan kujerar mota kusa da ni. Usur ne, ja, da igiyar ratayawa. Na duba wuyan sauran mutanen, ba wanda aka ba. Nan take na gane. Ya san ko zan mutu ba zan kira sunansa ba, shi ne ya nemo mini abin hurawa. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Ni Hajiya guda, da jikoki, in rataya usur a wuya kamar alƙalin wasan ƙwallo? Na tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa na fito.

Dajin nan ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Itatuwa sun haɗe kai a sama, rana sai dai ta leƙo. Jikin kowace bishiya da gansakuka kore, a jiƙe, har wani gemu-gemu ke reto daga rassa. Ƙasa tana nutsewa a ƙarƙashin ƙafa, tana ƙamshin farkon damina. Amma gaskiya ba dajin na fi kallo ba. Shi nake kallo, don ban taɓa samun damar kallonsa haka ba, yana gaba, bai san ina yi ba, kuma ba wata 'yar Illela da za ta gan ni. Na ga ba da saurinsa yake tafiya ba, da saurin wani tsoho mai sanda biyu yake tafiya. In an zo wurin santsi sai ya tsaya ya kafa ƙafarsa, kowa ya dafa shi ya wuce. Duk inda aka huta sai na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga mu. Ya tsinko 'ya'yan wata gwaiba ƙanana jajaye ya rarraba, ya ajiye nawa a kan dutse. Ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, sai ga wani ɗan tsuntsu ya sauko har kusa da takalminsa. Mutanen nan, wasu sun haife shi, amma in ya yi magana ba mai musu. Na tuna babanku, na ce a raina, Alhaji, wannan ba rakiyar bakin tasha ba ce.

Ya so in bi bayansa kai tsaye, amma na kasa jure tafiya ina taka sawunsa, sai na riƙa ja da baya har na zama ta ƙarshe. Muka iso rafin da ya faɗa, inda hanya ta rabu. Na ɗaga kai na ga alamar rana ta karkata. Ga ruwa mai kyau yana gudu, ga wani falalen dutse a gefe. Zuciyata ta ce, yaron da na yi wankan jegonsa jiya ne zai gaya miki lokacin salla? Kuma ko na so in faɗa masa zan tsaya, ta bakin wa? Takwara tana gida. Na yi lissafi irin na mutanen Araba, inda za ka bar abokan tafiya su yi gaba, ka yi sallarka a natse, ka tashi kana hango su kamar tururuwa, ka bi su ka cim musu. Na ratse bayan wasu itatuwa na yi alwala na tayar da salla.

Ina raka'a ta biyu na ji sanyi ya taɓa mini wuya. Kafin in sallame, duniya ta ɓace. Fari fat ko'ina, hannuna kawai nake gani da gefen dutsen da nake kai. Ba hanya, ba itatuwa, ba gabas ba yamma. Ƙarar rafin kuma ta cika wurin kamar ana ɓarin tsakuwa a kwano. Na tuna ya ce a tsaya cak, wannan dai na bi. Na zauna na kama tasbihi, ina tuna jan usur a ƙarƙashin kujera.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Can sai na ji murya daga sama, nesa, tana cewa Adda. Na ce na'am. Amma wace irin na'am? Irin wadda aka koya mini, ta cikin mayafi, wadda ko a ɗaki sai an matso ake ji. Rafi ya haɗiye ta. Muryar ta matso, ta zo daidai inda hanya ta rabu, tsakanina da shi bai fi tsawon zauren gidan nan biyu ba. Na ce kai, ga ni nan. Bai ji ba. Na ji ya yi shiru, na san tunani yake yi. Sannan na ji kiran ya sake tashi, amma ya koma hagu. Ya ɗauka na bi zabtacciyar hanyar nan, shi ne ya bi ni can. Muryarsa ta canza, ba ta jagora ba ce kuma, muryar yaron nan ce mai kwalba a ƙafa. Sai na ji duwatsu sun gangara, suka daɗe suna faɗuwa kafin su yi shiru.

Ba zan ce muku na yi shawara da zuciyata ba. Na dai tsinci kaina a tsaye, na yar da mayafi, na buɗe baki na kira sunansa, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na kira har sau uku, da muryar da ban san ina da ita ba, har maƙogwarona ya yi kwana biyu yana ciwo. Na ce ya tsaya, ya dawo, ina bakin ruwa.

Ya fito daga cikin farin nan da rarrafe, gwiwar wandonsa a yage, tafin hannunsa yana jini. Ya tsaya gabana yana haki. Na jira faɗa, don na cancanci faɗa, na bar mutum tara a tsaye cikin sanyi saboda taurin kaina. Bai yi ba. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe kin san shi," ya ce.

"Mi?"

"Sunan. Na ɗauka ba ki san shi ba."

Yana murmushi ya faɗa, amma ba wasa yake ba. Mutum mai shekara arba'in da 'yarsa. Na ji kamar an soke ni.

"Ni na zaɓe shi," na ce. "Ni na raɗa wa Inna, ita ta kai wa babanka."

Na kama hannun nan na wanke shi a rafi, na yage gefen ɗankwalina na ɗaure. Ya sa ni a gaba muka hau, ya sake ƙirga mutanensa, muka cika goma.

Bayan kwana biyu na ba shi saƙon babanku, baki da baki, ba ta hannun takwara ba. Ban rage ko kalma ba, na gaya masa halin jikin, na gaya masa na rumbu da shago. Ya ce zai zo ya duba shi, zai riƙa aiko da abin magani, amma zama a shago, in don ta shi ne, ba zai iya ba, nan ne ya san abin da yake yi. Sannan ya ɗago.

"Amma in ke kika ce in taho, Adda, gobe sai in fara haɗa kaya."

Babanku ya yi gaskiya, ba zai iya ce mini a'a ba. Kalma ɗaya ta rage, tana kan harshena. Na dube shi, na ga har yanzu ƙyallen ɗankwalina yana ɗaure a hannunsa, ya ƙi cirewa ko da ciwon ya kame. Na ba da shi yana ɗan shekara biyu, ban taɓa rarrashinsa ba, ban taɓa yi masa ko sannu a gaban mutane ba. Rana ɗaya tak na kira sunansa, shekaranjiya. In yau na ce taho, zai zauna har ƙarshen ransa yana tunanin don in ja shi da igiya na kira. Na ce masa ni saƙo aka ba ni, na kuma isar, nawa bakin ba ya ciki.

Kun san sauran, don a gabanku aka yi. Na dawo na gaya wa babanku gaskiya, cewa an ba ni zaɓi na ƙi. Da na yi masa ƙarya na ce yaron ne ya ƙi, da na huta. Ya juya fuska bango, ya yi wata biyu in zai yi mini magana sai ta bakin Hadiza, na ɗanɗana abin da na shekara arba'in ina ba wani. Yayanku ya zo sau biyu ya duba shi, amma ranar da babanku ya cika ba ya nan, jirgi uku ba sa kawo mutum jana'iza. Wannan nauyin ni na ɗauka, kuma ban ce muku ba shi da nauyi ba. Har yau in na wuce ƙofar ɗakin babanku sai na nema masa gafara, na nemi tawa. Sani ya riƙe shago, ya kuma riƙe shi da kyau, ko da yake ba wanda ya taɓa ce masa an gode, to ni yau na ce.

Kuna ganin duk Juma'a in waya ta yi ƙara nakan shige ɗaki in turo ƙofa, kuna cewa ko gaisawa da shi ba na son yi a gabanku. Ga abin da ke faruwa a ciki. In na ɗauka ba ya cewa komai, sai ya yi shiru yana jira, ina jin numfashinsa daga bayan teku. Sai na kira sunansa, sannan ya ce na'am, Adda, mu gaisa. Kunyar ba ta sake ni ba, da ita za a binne ni, shi ya sa nake turo ƙofa. Amma ba na so in mutu ku ma kuna zaton ban san shi ba. Ku yi haƙuri da rubutun. Sunan ɗana Almustafa.